Na Girmar da Delu Tare da Ɗiyata

A lokacin ni malamar firamare ce a Talata Mafara, ga baki ga son a yaba mini. Kowace Alhamis nakan karanta wa ɗalibaina labarin wata yarinya da na ƙirƙira, Delu, ’yar shekara takwas mai ƙiriniyar tsiya. Daga baya na riƙa naɗar muryata a waya, iyaye mata suna tura wa juna har Bakura da Maradun. Kaina kuwa ya yi girma.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne ɗiyata ta fari ma shekararta takwas, kuma a gida nake kwaso labarin. Ranar da ta faɗa cikin gonar shinkafar kakanta garin korar tsuntsaye, Alhamis na zuwa Delu ta faɗa. Ɗiyar tawa kanta dariya take yi. Sai na ɗauki wata wauta: duk shekarar da ɗiyata ta ƙara, sai in ƙara wa Delu ɗaya, har in sanar. Wata malama ta ja ni gefe ta ce in bar yarinyar nan a takwas ɗinta, yara ba su ƙosa ta girma ba. Na ce mata ai ko kaza girma take yi.

Da suka kai sha huɗu, wata rana na leƙa ɗaki na iske ɗiyata gaban madubi, ta rambaɗa kwalli, tana koyon tafiyar ’yan mata. Na danne dariya, na tafi na rubuta tsaf. Wallahi ban yi tunanin komai ba. To ’yan ajinsu ba wawaye ba ne, shekaru ɗaya, uwa ɗaya. Tana shiga makaranta suka jera a bayanta suna rangwaɗa, suna kiranta Delu. Kwana uku ta ƙi zuwa, ta ƙi yi mini magana. Da ta buɗe baki, cewa ta yi ba ta san a ɗakin uwarta ma ba ta da sirri ba. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Na ba ta haƙuri, ta kafa sharaɗi: Delu ta koma shekara takwas, ta zauna can. Na mayar da ita. Ko yaro ɗaya bai tambayi ina shekaru shida suka tafi ba, murna ma suka yi an dawo korar tsuntsaye.

Don haka masu rubuta wa yara, ku bar na cikin labari a shekarunsa, kada ku ɗaura shi da na gidanku. Ɗiyata ta yafe mini, yanzu har tsokanata take yi. Amma har yau, in za ta faɗa mini abin da ke ranta, sai ta fara duba ko akwai biro a hannuna.