Goron Kaka a Bakin Tafkin Madarumfa

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, muna hutun lakwal, wato makaranta, babanmu ya ari motar abokinsa mai awon gyaɗa, ya ce zai kai mu tafkin Madarumfa. Wurin Turawan kanti ya gano wannan ɗabi'a ta zuwa kallon ruwa da tsuntsaye.

Kakata ta tambaye shi, "Gidan wa za mu sauka?"

Ya ce, "Inna, ba gidan kowa ba. Kallo kawai za mu yi."

Ta ce tun da take ba ta taɓa jin an yi tafiya babu wanda za a gaisar ba. Duk da haka ta ƙulle goro a bakin zanenta, ta shiga gaban mota.

Muka bar Maraɗi da hantsi, muka wuce Jiratawa, sai ga ruwa shimfiɗe iya ganin ido. Balbelu sun rufe itatuwa fari fat, agwagin ruwa suna iyo, mu yara muna ta tsalle. Kaka ko kallo ba ta yi ba. Wani tsohon masunci ta hango yana gyaran koma, ta nufe shi, ta gaishe shi har da tambayar iyali, ta miƙa mashi goron. Sai bawan Allah ya shimfiɗa mana tabarma, ya gasa mana kifi.

Tun daga nan, duk sallah sai ya zo gidanmu da busasshen kifi. Ranar da Kaka ta rasu, cikin dangi ya zauna yana karɓar gaisuwa.