Yadda Yayana Ya Ƙara wa Bindigarsa Ƙarfi

Shekarar da jirgin ƙasa ya iso Zariya, ni da yayana muka tare a Sabon Gari, lokacin bukkoki ne kawai da 'yan rumfuna a gefen layin dogo. Ni ɗinki nake yi, ina da iyalina. Shi kuma bai daɗe da barin aikin soja ba. A bakinsa babu yaƙin da aka ci ba da shi ba, amma waɗanda suka yi aiki tare sun ce iyakacinsa jan alfadarai da tsaron tukunyar abinci. Abin da ya dawo da shi dai tsohuwar bindiga ce mai cin harsashi ɗaya, wadda wani Bature ya gaji da ita ya bar masa. Kullum da hantsi yana ƙofar gida yana shafa mata man gyaɗa, gatan da matarsa ta ce ita ba ta taɓa samu ba.

Muna da gona ta haɗin gwiwa a wajen da yanzu ake kira Samaru, a lokacin daji ne sai gonaki jefi-jefi. Mun shuka gyaɗa da dankali, sai wani gyado, wato aladen daji, ya mai da gonar gidan ubansa. Ya tone kunya, ya ci, ya yi birgima a kan saura. Yaya ya ce in bar masa, wannan aikin maza ne.

Ya yi ta zuwa yana harbi, gyado na ƙara ƙiba. Na taɓa raka shi, na ga ƙasa ta tashi can nesa da dabbar, wajen wata ɗorawa. Da na faɗa masa, ya ce idona na tela ne, bai saba ganin abin da ya wuce tsawon allura ba. Wai ya same shi a tsakiyar goshi, harsashin ne ba shi da ƙarfi, ya buga ya koma. Tun daga ranar maganar ta zama ta ƙarfin harsashi, ba wanda ya isa ya ambaci saiti.

Ana nan sai ya ƙulla abota da kukun wani Bature mai aikin dogo. Kukun ya kawo masa wasu harsasai a ƙunshe cikin tsumma, kowanne ya kusa kaurin babban yatsan ƙafa, ya ce da irinsu maigidansa yake kashe giwa. Yaya ya dawo gida yana taku ɗaiɗai. Ya gwada cusa ɗaya, ya ƙi shiga. Ya shafa masa mai, ya ƙi. Matarsa tana tankaɗe tana kallo, ta ce ita a saninta in tuwo ya fi ƙarfin baki rage loma ake yi, ba a yaga bakin. Ya ce mata ta ji da tankaɗenta.

Washegari ya ja ni ƙauyen Dogarawa wurin wani maƙeri da ban taɓa ganin ya ƙera abin da ya wuce fartanya da lauje ba. Na yi zaton zai kore mu. Ashe Yaya ya gamu da daidai shi. Maƙerin ya leƙa cikin bindigar da ido ɗaya, ya ce kakansa ne yake ƙera wa mayaƙan zamanin da bindigar adaka, kuma Turawa rowar ƙarfe ce ta sa suke matse wurin harsashi. Ya ɗauko magagari ya shiga gurzar cikinta, yana gurza suna yabon juna, wannan ya ce sarkin maƙera, wancan ya ce sarkin baka. Da harsashin ya shiga da ƙyar, sai da aka ɗan dandaƙa shi da ƙotar gatari, suka tafa.

Na ce ko za a ɗaure ta a jikin itace a ja kunamar da igiya, a ga halinta tukuna. Yaya ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai ƙanena ne, shi ya sa zan yi shiru. Da a bariki ka faɗi haka, da an ɗaura maka zane."

Bai tafi shi kaɗai ba, sai da ya gayyaci abokan hirarsa su zo su shaida. Muka isa gona rana ta ɗan ɗaga, muka tarar da gyadon yana karin kumallo, ko kallonmu bai yi ba. Yaya ya durƙusa a kan kunya, ya gyara hula, ya yi bisimilla da ƙarfi don kowa ya ji, ya ja.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba, har yau. Da hayaƙi ya washe muka ga Yaya a kwance rigingine cikin kwarin kunya, gemunsa na ƙauri, bindigar ta tsage daga gindi ta faɗi gefe. 'Yan shaida kuwa tuni kowa ya kama gabansa, wani har da barin takalmi. Gyadon ya ɗaga wutsiya ya shige daji a guje, ba alamar ɗingishi. Inda harsashin ya tafi, Allah ne masani.

A kan jaki muka kawo shi gida. Maɗori ya ce ƙashin kafaɗa ya karye, kunnen dama kuma ya tafi ke nan. Matarsa ta yi kuka na gaske a ranar, ta dafa masa ruwan gashi, ta ba shi kunu a baki. Sai da ya fara zama da kansa ta tambaye shi ko a ajiye masa sauran harsasan, tunda yana da wata kafaɗar.

Kafin ɗaurin ya kwance labari ya canza. Wai harsashin ya ratsa gyadon ya fita, shi kuma gyadon ya je ya mutu a daji. Waɗanda suka gudu suka ce ƙwarai, da idonsu suka gani, don in sun ce ba su gani ba sai a tambaye su inda suke. Ni da na ce gyadon ya dawo, har da wasu ƙanana a bayansa, aka ce hassadar ɗan'uwa ce. Hannun Yaya bai ƙara riƙe fartanya ba, ni kaɗai na ƙarasa damina, na kwashe abin da aladu suka rage mana.

Wannan labarin ne ya kai kunnen wani mai kanti a bakin tasha, ya aiko yana neman maharbin ya zama mai gadinsa. Yaya ya ɗaure tsagar bindigar da fata, ya rina, ya je ya zauna a ƙofar kanti da ita a cinya. Ba ta harbi, shi ba ya ji sosai, yawancin lokaci ma gyangyaɗi yake yi. Shekaru ya yi a wurin ba a ɗauki ko allura ba, don duk ɓarayin Sabon Gari sun ji cewa mutumin nan da harsashin giwa yake harbi.