Muryar Wendell a Tallan Zaɓe

A kudancin jihar Ohio ta Amurka babu gidan da muryar Wendell Staub ba ta shiga ba, amma in ka gan shi a kanti yana zaɓen albasa ko waiwaye ba za ka yi ba. Gajere ne mai sanƙo, kullum da rigar sanyi guda. Sai fa ya buɗe baki. Allah ya ba shi murya mai kauri da sanyi, wadda ko farashin taya ta karanta maka sai ka ji kamar gaisuwar mutuwa ake yi maka.

Da tallan katifa ya fara a rediyon garinsu, kafin siyasa ta gano shi. Ba 'yan takara ke ɗaukarsa ba, su ai suna da fuska. Ƙungiyoyin nan ne masu tsirowa gab da zaɓe su ɓace bayansa, yau Iyalai Masu Kishi, gobe Ma'aikata Masu Hankali. Kowa ya san akwai kamfani a bayansu, amma wanne? Doka ba ta ce dole su faɗa ba, shi kuma Wendell bai taɓa tambaya ba. Ya shiga ɗakin ɗaukar murya na wani abokinsa Russ, ya karanta cewa wane maƙaryaci ne, ya sha ruwa, ya koma gida. Da wannan ya yi renon 'yarsa tilo bayan rasuwar matarsa.

A sana'arsu, kafin a fara ɗauka mai na'ura yakan ce ka faɗi wani abu ya daidaita sauti. Wasu su yi ƙirga, wasu su faɗi abin da suka karya da shi. Wendell kuwa 'yarsa yake kira, yadda yake kiranta daga bakin ƙofa in ta daɗe wurin wasa: "Corinne. Corinne Staub. Shigo gida haka nan." Shekara da shekaru haka yake yi, Russ yana dariya. Bai taɓa kawo wa ransa cewa na'urar tana ɗauka ba.

Ya riga ya bar aikin lokacin da Corinne, wadda ta zama ma'aikaciyar jinya, ta fito takarar majalisar gunduma. Ana shirin binne dattin masana'antu kusa da rijiyoyin da garin ke sha, ita kuma ta ce sam. Wendell ya yi ta yawo yana kafa allunanta a ƙofar gidaje, bakinsa har kunne.

Wata safiya yana shan kofi a gidan abincin Noreen sai hoton Corinne ya fito a talabijin, an mai da shi baƙi da fari. Wata murya ta ce, "Ta yi muku alkawari. Ƙarya take yi. Za ta kore muku ayyuka." Tsofaffin maganganunsa ne a kan wasu mutane, an yanko an jera. Sannan muryar ta yi laushi, irin laushin uban da ya gaji da halin 'yarsa: "Corinne. Corinne Staub. Shigo gida haka nan."

Kowa ya juyo yana kallon Wendell.

"Haba Wendell," Noreen ta ce, butar kofi a hannunta. "Har 'yar cikinka?"

"Wallahi ba ni ba ne."

"To aljaninka ne," wani tsoho ya ce daga teburin baya. "In ubanta ma ya ce ta koma gida, mu su wa?"

Ya fita waje ya kira Russ. Russ ya yi ta kame-kame, daga ƙarshe ya ce ya sayar da ɗakin da duk abin da aka taɓa ɗauka a ciki. Wa ya saya? Wani lauya, a madadin wani kamfani, wanda shi ma na wani kamfanin ne. A ƙasan tallan an rubuta sunan ƙungiya da lambar waya da ƙananan baƙaƙe. Wendell ya buga. Ta yi ƙara kaɗan, aka ɗauka.

"Mun gode da kiranku," in ji muryarsa. "Babu kowa a nan yanzu."

Bai ma tuna ranar da ya faɗi wannan ba. Ya tsaya a gefen titi yana sauraron kansa yana ba shi haƙuri. Ya sake bugawa, ya sake. Tsoro ya kama shi sosai, don ya gane babu wanda zai yi wa ihu.

Corinne ba ta zarge shi ba. "Na san ba kai ba ne, Baba," ta ce. Ya roƙe ta ta bari ya hau rediyo ya ƙaryata. Ya hau kuwa, amma sau ɗaya aka ji shi, tallan kuma yana fita a rediyon mota, a gidan mai, a ɗakin marasa lafiyar da take dubawa. Tana ɗaura wa mutum bandeji ubanta yana kiranta maƙaryaciya daga talabijin ɗin da ke bango.

Ta faɗi zaɓen. Washegari tallan ya ɗauke, lambar ta daina shiga, ƙungiyar kamar ba a taɓa yin ta ba. Kafin damina manyan motocin datti sun fara wucewa ta hanyar rijiyoyin, babu suna a jikinsu.

Wata Lahadi ya je gidanta cin abincin rana. Tana filin da ke bayan gidan tana kwashe shanya, ta ba shi baya. Ya tsaya a ƙofar kicin ya ce, "Corinne."

Ta zabura har kwandon ya suɓuce daga hannunta. Da ta juyo ya ga fuskarta kafin ta gyara ta, kuma ba fuskar mai jin muryar ubanta ba ce. Ta durƙusa tana tsince kayan daga ciyawa, ba ta ɗago ba.

"Yi haƙuri, Baba," ta ce. "Na yi ƙoƙari, na kasa. Don Allah ka daina kiran sunana."

Yana nan da ransa, har yanzu yana zuwa duk Lahadi. In zai yi mata magana sai ya jira ta juyo da kanta.