Ranar da Na Karanta Sunan Kawu Cikin Matattu

Yanzu idan ka tsaya a mararrabar garinmu, kan hanyar Tambuwal zuwa Kebbe, za ka ga wani guntun ginshiƙin siminti da hotunan 'yan takara suka rufe, masu babura na jingine da shi suna jiran fasinja. A da fari ne tas, an kewaye shi da sarƙa, akuya ma sai ta yi shawara kafin ta matso. Na ga irinsa a ƙasashe da dama. A Faransa wuta suke kunnawa wadda ba ta mutuwa, a Gana soja na gani tsaye, ko ƙuda ba ya korewa. Iyakar sanina, namu ne kaɗai aka rubuta mai rai a jiki, kuma yana zaune a sahun gaba ranar buɗewa.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jihar Sakkwato ba, arzikin mai ya yi yawa har hukuma ta rasa abin da za ta gina. Sai aka ce a yi abin tunawa da 'yan garin da suka mutu a yaƙin basasa. Mutum-mutumin soja aka so yi, malamai suka ce gunki ne, aka koma ginshiƙi da sunaye. Aka aika wa liman ya ba da sunayen. Shi kuwa ya rubuto da ajami duk sojan da ya taɓa yi wa addu'ar arba'in. Wani akawu Bakano da bai san kowa ba ya mayar da su boko, aka miƙa wa birkila.

A cikinsu akwai kawuna, ƙanen mahaifiyata. Ana tsakiyar yaƙi labari ya zo cewa ya rasu, aka yi uku, aka yi bakwai, aka yi arba'in, aka ci waina. Bayan 'yan watanni sai ga shi ya sauko daga mota yana ɗingishi. Tun daga nan kowa Kofur yake ce masa. A ranar da ya dawo ya dafa Alƙur'ani gaban jama'a ya rantse cewa har abada ba zai ƙara yi wa ɗan Biyafara magana ba.

Birkilan kuwa Ibo ne, haifaffen garinmu, Sakkwatancinsa ya fi nawa. Tare suka tashi da kawu suna kama kifi a fadama. Da al'amura suka lalace ya tafi gabas shi da ƙanensa, suka ɗauki bindiga a can ɓangaren. Bayan yaƙi ya dawo shi kaɗai. Shekara da shekaru idan suka haɗu a kasuwa, kawu sai ya shiga duba farcensa.

Ranar buɗewa ni aka ba lasifika, don ina malamin firamare kuma an ce ina da murya. Kawu ya sha kakinsa da lambobinsa. Ba ya karatun boko, saboda haka tun da safe yake kallon ginshiƙin cikin girmamawa. Duk sunan da na kira sai ya ƙame ya sara, jama'a su ce Allah ya jiƙan shi. Na kira wani suna, na bi shi da sunan uba, sai na ji sunan kakana ya fito daga bakina. Jama'a sun riga sun yi addu'a. Kawu ma ya riga ya sara. Hannunsa na goshi ya juyo ya dube ni.

"Kai, ɗan nan, wa ka ce?"

Wani tsoho daga baya ya ce, "Kai na, Kofur. Allah shi kyauta makwanci."

Daga ranar ya koma Marigayi. Mai shayi yakan tambaye shi ko can ma ana sa madara. Abin ya ci masa rai ƙwarai, har ya daina zama a majalisa. Ya je wa liman da faɗa, liman ya ce shi waɗanda ya yi wa addu'a aka tambaye shi, ba wanda ya tambaye shi waɗanda suka dawo. Hukuma ta ce ba mai iya goge suna ɗaya ba tare da fasa sauran ba sai wanda ya yi aikin. Kawu ya aike ni wurin birkila.

Birkila ya saurare ni yana kwaɓa siminti. "Malam, ni ba ni aiki da saƙon mamaci. In yana da rai shi zo shi hwaɗi da bakinai."

Kwana tara kawu yana fama. Daga ƙarshe liman ya nuna masa hanya: ya karya rantsuwar, ya ciyar da miskinai goma. Kawu ya ɗingisa har wurin aikin birkila, ni ina biye.

"Kai! Da bindiga kun kasa, shi na ka kashe ni da siminti?"

"Sannu da tashi, Kofur. Takarda anka ba ni. Mu soja, abin da takarda ta ce muka yi."

"Ba ka san sunana ba?"

"Na san shi tun kana satar min tarwaɗa. Na ce bari in gani ko mutuwa za ta buɗe maka baki."

Ranar kaffara aka dafa tuwon dawa da miyar kuka, miskinai goma suka zauna, sai ga birkila da cokalinsa a aljihu. Liman ya ce shi ba ya cikin lissafi. Birkila ya ce ai ba lada ya zo ba wa kowa ba, tuwo ya zo ci. Ya fi kowa ci.

Washegari da hantsi birkila ya sassaƙe sunan, kawu na zaune kan bulo yana ba da umarnin da ba a nema ba. Wurin ya zama fili a tsakiyar jeri. Kawu ya daɗe yana kallo.

"Wanga abu kamar giɓi. Ina ƙanen nan naka mai satar mangwaro?"

Birkila bai ɗago ba. "Can munka baro shi. Ko kabarinai ban sani ba."

"Nan anka haife shi ko ba nan ba? Sunayen 'yan gari anka ce. Rubuta."

Aka kai ƙara wurin liman cewa za a sa wanda ba Musulmi ba, kuma abokin gaba. Liman, wanda ya gaji da maganar ginshiƙin, ya ce shi bai san siminti da addini ba. Birkila ya shafe wurin, ya zana sunan da ƙusa tun bai bushe ba, sunan Hausa da garin ke kiran yaron da shi. Layin ya ɗan karkace. Kawu ya miƙe ya sara.

Ba a daina ce masa Marigayi ba har ya zama na gaske, kuma birkilan ne ya gyara masa bakin kabari. Amma daga wannan hantsi kawu bai ƙara duba farcensa a kasuwa ba, kuma kowace Juma'a bayan an sauko, kwano ɗaya suke ci.