Bugu ko Kuskure

Shekara talatin da ɗaya Dolores Hruska ta yi tana rubuta sakamakon wasan besbal, wato ƙwallon sanda, na 'yar kwalejin garinsu a jihar Nebraska ta Amurka. Ba ta taɓa riƙe sandar wasa ba, amma kowa na shakkar fensirinta. Idan ɗan wasa ya maka wa ƙwallo sanda ya ruga ya kai zangon farko na filin kafin a tare shi, ita ce mai yanke hukunci daga ɗan ɗakinta da ke saman 'yan kallo: ko ta rubuta masa bugu, ko ta ce mai cafkewa ne ya yi kuskure, shi bai ci komai ba. Da wannan rubutun ake fitar da gwanin bugu na kwalejojin yankin, a ba shi kofi a liyafar ƙarshen shekara.

Tun da mijinta ya rasu, duk shekara takan sauki ɗan wasa ɗaya a gidanta. Bana Wendell Oakes ta samu, wani dogo mai ci kamar gara. Wainar da takan gasa da 'ya'yan itacen ceri a tsakiya, sha biyu yake tashi da su kafin ta juyo.

"Kai Wendell, cikin nan naka rami ne?"

"Mama, laifin hannunki ne, ba nawa ba."

Tana son yaron nan, ba ta ma ɓoyewa.

Ranar wasan ƙarshe, bugu ɗaya tak ya rage masa ya wuce abokin takararsa ya ɗauki kofin. A zuwansa na ƙarshe ya sharara wa ƙwallo sanda, ta bi ƙasa ta nufi mai tsaron zango na biyu, ta faɗa cikin safar hannunsa ta sulluɓe. Wendell ya kai zango. Duk aka ɗaga kai ana kallon tagar Dolores.

Arlen, mai sanarwa da lasifika, ya raɗa mata, "Baiwar Allah, ƙwallon ta zo da zafi fa. Ki rubuta masa, wa zai ce miki uffan?"

"Zafin me? Ido gare ni, Arlen."

Ta rubuta kuskure. Ranta ya ɓaci sosai, har hawaye sai da ta share.

Kwana uku Wendell bai ce mata ko sannu ba. Waina ta kwana a faranti har ta bushe. Aka yi liyafa, wani ya ɗauki kofi, ta tafa masa tare da kowa. Abin da ke cin ta shi ne kada yaron ya bar gidanta da ita a zuciya.

Ranar tafiyarsa gida tana wanke-wanke, sai ga shi a bakin ƙofa da jakarsa, yana sosa ƙeya.

"Mama, na kalli bidiyon wasan nan ya fi sau ashirin."

Ba ta juyo ba. "To?"

"Wallahi ko kakata da ta cafke ƙwallon nan."

Ta yi dariya har kumfa ta tashi daga hannunta.

"Ɗakin nan," in ji shi, "kada ki ba kowa baɗi. Zan dawo in buga wadda ba ki da yadda za ki yi da ita."