Tsinken da Na Auna Labulen Buro da Shi

Akwai ranar da na yi ta neman in manta, ta ƙi barina: wata Talata ce cikin bazara, a buro, wato ofishin wata ƙungiyar raya karkara da ke Agye, inda na shekara ashirin da wani abu ina mai gyara. A takarda kafinta ne ni. A aiki kuwa, ƙofa ta maƙale a kira ni, famfo ya tsiyaya a kira ni. Lakol ɗina, wato boko, aji biyu ne, na biyun ma rabinsa a bisa itacen kanya na yi shi.

A zauren taro akwai wasu labulaye da wani tsohon shugabanmu ya kawo daga waje. Ku matasa da ba ku taɓa ganin irinsu ba, ba yadi ne mai lilo ba. Ninki-ninki ne, ana jan shi sama ya tattare, a sako shi ya sauko. In ka leƙa ta gefe sai ka ga ramuka jere kamar saƙar zuma. Iskar da ke zaune cikin ramukan ita ke tare zafin rana. Taga shida, labule shida, rana ta cinye biyu.

Sabuwar shugabarmu, Madam Rabi, ta kira ni. Sa'ar 'yata ce, amma ba ta wasa da aiki. Ta ce manyan baƙi na tafe bayan wata guda, kuma wani ɗan kasuwa a Maraɗi zai yi odar sababbi, dukan shidan, don su zo iri ɗaya. Faɗi da tsawon taga suna cikin tsohuwar takarda. Abin da ya rage girman ramin.

"Baba Idi, da milimita yake so. Ramukan girma-girma ne. In suka fi namu, labulen ba zai zauna cikin taga ba."

Na ce, "Madam, wanga ai aikin minti biyu ne."

Ƙa'idar awon ba wuya. Labule na rataye, a sako shi har ƙasa ya zauna da nauyin kansa, sai a ɗora mita a rami ɗaya, daga wannan ninki zuwa na gaba, a karanta. Matsalar ita ce shekara uku ke nan ƙananan layukan mita sun daina bayyana gare ni. Yanar ido ta rufe na dama, na hagu na bin sawu. Ban gaya wa kowa ba, har matata. Kullum mita na rataye a ƙuguna kamar bindigar jandarma, amma da yatsu nake aiki.

Sai na yi dabarar da maigidana ya koya mini a Gidan Rumji tun ina yaro. Na sauko da labulen, na shimfiɗa shi bisa tebur, na ja shi sosai don ramukan su buɗe in ji su da yatsa. Na zare tsinke daga tsintsiya, na ɗora daga ninki zuwa ninki, na yanke da farce. Na naɗe shi a takarda na ba Hamani direba, na ce ya kai wa mutumin Maraɗi ya auna da kansa. Madam ta tambaya, na ce an aika. Ba ta ce milimita nawa ne ba, ni ma ban tsaya kusa ba balle ta ce.

Abin da ban yi tunani ba, labulen da aka ja bisa tebur raminsa miƙewa yake. Tsinkena ya fi gaskiya tsawo.

Saura kwana huɗu baƙi su zo kayan suka iso, ranar Talatar nan. Na hau tsani da fara'ata. Na farko ya ƙi shiga. Ramukan manya ne, kaurin labulen ya fi zurfin taga, ya turo ciki kamar tumbin ɗan kasuwa. Na gwada na biyu, haka. Na shida ma na gwada, wai ko Allah zai sa shi daban.

Madam ta kira Maraɗi a gabanmu, ni da Hamani da masu gadi. Mutumin ya ce shi abin da aka kawo masa ya auna, kuma tsinke aka kawo masa.

"Tsinke?" in ji Madam. Ta juyo gare ni.

A nan na yi abin da har yau yake hana ni sakewa. Hamani Bazabarme ne, ni Bagobiri, wasa ke tsakaninmu, kullum ina ce masa bawana, yana ce mini ɓarawon kaji. Sai na fake da wasan.

"Madam, tsinkena daidai yake. Amma kin san Zabarmawa da tsiren Cadawa. Halan ya tsaya ya ci, ya sakace haƙori da nawa, ya tsinto wani a ƙasa ya kai."

Masu gadi suka yi dariya. Madam ba ta yi ba. Ta ce, "Hamani, ka tsaya a Cadawa da motar aiki?"

Ya ce ya tsaya, salla ya yi. Ta ce ya ajiye makullin mota bisa tebur, za ta rubuta wa manyanmu a Yamai. Hamani kuwa yana da 'ya'ya bakwai. Ya zaro makullin a hankali ya ajiye, ya dube ni, ya ce, "Baba, kai ma ka san ban buɗe takardar ba."

Ina so in ce muku nan take na fito da gaskiya, amma ƙarya ce, ina ta lissafin yadda zan tsira. Madam ce ta gama da ni ba da niyya ba. Tana son hujjar da za ta sa cikin takarda, ta ce, "Baba, tsohon labule guda na nan rataye. Auna shi yanzu, ka faɗa mini lambar."

Na zaro mita, na ɗora, na matso da fuskata har hancina na taɓa labulen. Fari kawai nake gani. Na ce bari in goge ido. Na ce rana ce ta yi yawa. Sai Hamani ya matso kusa da kunnena, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Ɓarawon kaji, bayan mitar kake kallo. Juya ta."

Da ya faɗa da ƙarfi da ya fi mini sauƙi. Na sauke hannu, na ce, "Madam, ba shi makullinsa. Ko na juya ta ba ni gani. Shekara uku ke nan."

Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Baba, mi ya hana ka faɗa?" Na ce tsoron abin da za ki yi yanzu. Ta sunkuyar da kai.

Baƙi suka zo suka zauna cikin zafi, taga biyu an liƙe su da takardar kwali. Ƙarshen wata aka sallame ni da mutunci, har da lemo da jawabi. An ce in je a duba idon a Maraɗi. Na je, likita ya ce na dama ya wuce gyara, na yi latti da shekara biyu.

Hamani ne ya kai ni gida Gidan Rumji da akwatin kayan aikina. Da muka iso Cadawa ya tsaya ya sayo tsire, ya miƙo mini da tsinkensa, ya ce, "Riƙe wanga da kyau, kar ka ce ni na canza." Na yi dariya, na karɓa.

Abin da na koya, ku da ke aikin hannu: ranar da ido ya fara ja da baya, ku faɗa da bakinku, don aikin zai faɗa, kuma a gaban mutane yake faɗa. Wanda zai rufa muku asiri kuwa, wataƙila shi ne kuka tura gaba ya ɗauki laifin.

Madam ta ba ni ɗaya daga cikin labulayen da suka ƙi shiga. Ɗakina ba shi da tagar da ta kai shi, sai na rataye shi a bango. Da hantsi nakan zauna in bi ramukan da yatsa. Yanzu da yake rataye da nauyin kansa, ina jin girmansu sarai, daidai wa daida, sai dai ba mai tambayata.