Suga Ne, Ba Zaƙi Ba

Shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar yayata Rabi, kuma har gobe akwai masu cewa kwaɗayi ne ya kai ta. Ni dai ban yafe wannan magana ba.

Tana da cikin 'yarta Ummi aka gaya mata a wurin awo cewa tana da ciwon suga. Da labari ya iso gidan aurenta a Makera, Goggo Asabe, ƙanwar surukinta, ta ce ai zaƙi ne, wanda mai ciki ke tarawa in ta cika shan rake da lemo, 'yan asibiti ne kawai suka sa masa sunan Turanci. Aka ɗora ta kan jiƙon saiwoyi, aka hana ta ƙwayoyinta. Kafin a yaye Ummi, kirci ya feso mata a kumatu, tana susa har jini. Sai aka ce ga shaida nan, zaƙin uwar ne ya fito a fatar 'yar. Haba jama'a! Matar da ko shayi ba ta sa wa sukari?

Yaya ba ta sunkuyar da kai ba. Ana habaici tana goya 'yarta zuwa wurin likita a Barnawa. Amma nata ciwon ya zauna mata, daga baya ya ci ƙodarta.

Yanzu ina jin likitoci na cewa mai yiwuwa akwai alaƙa tsakanin sugan mai ciki da kircin yara. Da tana raye, na san dariya za ta yi: ashe su Goggo sun hango wani abu, sai dai sun mai da ciwo laifi. Rashin sani ya fi dare duhu.

Yau ga Ummi ta yi aure, tana da cikin wata biyar. Makon jiya na je gidanta a Gonin Gora, na tarar Goggo ta dire mata galan ɗin jiƙo. Kafin in buɗe baki yarinyar ta riga ni: "Goggo, na gode, amma jinina za a fara gwadawa. Mama ta sha wannan, ga ni na tashi babu uwa."

Wallahi sai da na yi hawaye.

Yaya ba ta bar gida ko gwal ba, taurin kan nan ta bari, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Allah ya jiƙanta. Ranar Litinin ni zan raka Ummi asibiti, mai magana ya yi ta yi.